Ƙofar Da Ba Ta San Kowa Ba Sai Mage

A gidan hayarmu akwai wani mutum da muke kira Nan-Gaba. Sunansa na yanka ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuna shi. Caja da murfin waya yake sayarwa a wani ɗan tebur a bakin titi, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ne ke ba manyan kamfanonin duniya shawara. Duk bidiyon da aka saka a waya game da ƙirƙirarriyar basira ya kalla, kuma ba ya buɗe baki sai da kalmomin nan biyu.

Ni wanzami ne na zamani, shagon askina yana kallon ƙofar gidan, don haka ni na fi kowa shan wa'azinsa.

"Nan gaba ba mai zuwa wajenka," in ji shi, ina tsakiyar gyara masa gemu. "Hula za a saka wa mutum, ta yi ƙara, ya cire, an gama aski."

"To kafin hular ta iso, ɗaga haɓarka."

Haka ya bi kowa a gidan. Ya gaya wa Nas cewa nan gaba waya ce za ta riƙa yin allura. Ya gaya wa Direba cewa motoci sun fara tuƙa kansu, ya fara neman wata sana'a. Ya gaya wa Malam da matarsa Malama, masu koyarwa a makarantar bayan layi, cewa yara za su daina zuwa aji. Malam ya ce in haka ne Allah ya kawo nan gaba gobe da safe.

Abin da Nan-Gaba bai taɓa hasashensa ba shi ne gyaran ɗakinsa. Ɗakin yana manne da banɗakin gidan, bangonsa kullum a jiƙe, har takalma suna fitar da fumfuna. Matarsa, mace mai haƙuri da baki kamar reza, ta riga ta faɗa masa a gaban kowa cewa in damina ta same ta a ɗakin nan, za ta ɗauki akwatinta da magenta ta koma gidan yayarta. Magen kuwa wata ƙatuwa ce mai launin toka, ana ce mata Gimbiya, kuma tana da girman kan da ya dace da sunan.

Sai ga dama ta faɗo. Tsohon mai gadinmu ya ce gwiwa ta gaji, ya koma wajen 'ya'yansa. Hajiya mai gidan ta zo ta tara mu a tsakar gida, ta ce za ta ɗauki sabon mai gadi, kuma tana neman wanda zai kula mata da gidan daga cikinmu, shi za ta ba ɗakin sama mai baranda da ya daɗe a rufe.

Nan-Gaba ya miƙe kamar an tsikare shi.

"Hajiya, mai gadi? A wannan zamanin? Ai aikin gadi shi ne na farko da zai mutu. Ki bar min ƙofar nan. Zan saka mata ido da ƙwaƙwalwa, ta san fuskar kowa, ta buɗe wa ɗan gida, ta hana baƙo. Ba barci, ba ciwon gwiwa."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. "Ƙofa za ta san mutane?"

"Fiye da uwar da ta haife su."

"To ji nan. Zan yi tafiya. Ranar da na dawo, in ƙofar ta buɗe min da kanta, ɗakin sama naka ne. In ta ba ni kunya, kai ma za ka ji kunya."

Matarsa ta ja shi gefe. "Ka taɓa ɗaura ko da ƙwan lantarki ya kama?"

"Wannan ai tsohuwar fasaha ce, shi ya sa."

Na'urar ta iso a wani ɗan kwali da aka aiko masa daga kasuwar intanet. A jikin kwalin akwai hoton wata mage tana shiga ta wata 'yar ƙofa. Matarsa ta tambaya me mage take yi a nan, ya ce tambarin kamfani ne, manyan kamfanoni duk da dabbobi suke alama. Ya kira mai walda ya liƙe abin a jikin ƙofa ciki da waje, ya ce a liƙe shi yadda ko tsawa ba za ta cire ba.

Da aka kunna, wata 'yar jar fitila ta haska, muryar mace ta ce, "Kawo fuskar mai gida."

Nan-Gaba ya matsa, ya ga jan hasken, ya ja baya. Ashe ya taɓa kallon wani bidiyo da aka ce irin hasken nan yana dafa ƙwayar ido. Ya yi gyaran murya, ya ce a ƙa'idar kimiyya da dabba ake fara gwaji. Ya sunkuci Gimbiya ya ɗaga ta gaban kyamarar.

"An karɓa," in ji muryar. "Barka da zuwa, mai gida."

Muka yi dariya, shi ma ya yi. Da ya ga idon magen bai dahu ba, ya saka tasa fuskar, gemu da komai. Sannan, don kowa ya shaida an shiga sabon zamani, ya ɗaga tsohon makullin ƙofar sama, ya yi ɗan jawabi, ya wurga shi cikin kwatar bakin titi. Direba ya ce a bari ya ciro don ɓacin rana, Nan-Gaba ya ce irin wannan tunanin ne ya bar mu a baya.

Ya sanar cewa gobe kowa ya fito, ƙofa za ta ɗauki hotonsa.

To, ka san mutanenmu da hoto. Washegari gidan ya zama kamar ana biki. Nas ta fito da hoda da jan baki da gira da aka ja har kusa da kunne. Direba ya aro hula da baƙin tabarau wajen ƙaninsa. Malam da Malama suka tsaya tare, kumatu a jikin kumatu, baki har kunne, suka ce a ɗauke su haka don tarihi. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na sa rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na riƙe numfashi don tumbina ya shige. Nan-Gaba yana tsaye yana ba da umarni, "Murmushi! Ƙara murmushi! Na'ura tana son fara'a!"

Ba a kwana biyu ba muka gane abin da muka yi wa kanmu.

Nas ce ta fara. Ta dawo daga aikin kwana da hantsi, ido a kumbure, fuska kamar an wanke kwano. Ta tsaya gaban ƙofa.

"Ban san ki ba."

"Ni ce fa."

"Ban san ki ba. Sake gwadawa."

Ta daki ƙofar da jaka. Nan-Gaba ya leƙo ta saman katanga, bisa bokiti, ya ce laifinta ne, ta zo wa na'ura da wata fuska daban.

"Wannan ce fuskar da Allah ya ba ni!"

"To ba ita kika yi rajista da ita ba."

A kan titi, a madubin motar Direba, Nas ta tsaya ta yi kwalliya tana zagi ƙasa-ƙasa, masu wucewa suna rage tafiya. Da ta ja girar ta kai kunne, ƙofa ta ce barka da zuwa. Tun daga ranar ko shara za ta zubar sai ta shafa jan baki.

Direba nasa ya fi muni, domin ya riga ya mayar da hula da tabarau, ƙanin kuma ya yi tafiya da su. Ya gwada hular Malam, ya gwada murfin tukunya. Ya koma shiga gida ta bayan mutane, yana manne da bayansu kamar kaska.

Malam da Malama kuwa, ƙofa ta ɗauke su mutum ɗaya mai kai biyu. Ba ta buɗe wa ɗaya sai da ɗayan. Ranar da suka yi faɗa a kan wanda ya bar famfo a buɗe, na gan su daga shagona tsaye a bakin ƙofa, kowa ya juya wa ɗan uwansa ƙeya, rana tana dukansu. Daga ƙarshe suka haɗa kumatu.

"Yi murmushi mana," in ji Malama ta cikin haƙora.

"Ina yi."

"Wannan murmushi ne ko ciwon haƙori?"

"Irin wanda kika bar min ke nan."

Ƙofa ta buɗe, suka shiga, suka ci gaba daga inda suka tsaya. Nan-Gaba ya ce mu duba, na'urar har aure take gyarawa, nan gaba ba sauran kotu.

Mutum ɗaya ne a gidan bai taɓa jin "ban san ki ba", kuma ba mutum ba ce. Gimbiya in ta taho daga nesa, tun kafin ta ɗaga kai, ƙofa ta wangale gaba ɗaya. Da rana, da ruwa, da ƙura a fuska, da kan kifi a baki, duk ɗaya ne. Kuma ƙofar ba ta saurin rufewa a bayanta, sai ta jira ko mai gida za ta canza shawara. Ta haka wata akuya ta shigo ta cinye wandon Malam a kan igiya. Ta haka wani mai tallan maganin basir ya shigo har tsakar gida da lasifikarsa.

Mu kuwa da muka gano haka, sai kowa ya fara yawo da ɗan busasshen kifi a aljihu. Ka zo ƙofa, ka tsuguna, ka yi "mis-mis-mis" ta ƙarƙashi, Gimbiya ta taho a kan lokacinta, ta leƙa kyamara, ka shige. Ta ƙara ƙiba har wuyanta ya ɓace. Gidan gaba ɗaya ƙarnin kifi yake.

Wannan abu ya ƙona wa Nan-Gaba rai matuƙa. Ya ce mun mayar da fasahar ƙarni abin wasa, na'urar tana koyo ne, mu ne ba ma ba ta dama. Nas ta ce in tana koyo, to a aji ɗaya ta maƙale.

Sai labari ya zo Hajiya ta dawo, za ta zo da la'asar.

Tun safe Nan-Gaba ya shiga shiri. Ya kama Gimbiya ya kulle a ɗakinsu, don kada ta zubar masa da mutunci a gaban mai gida. Ya shiga wayarsa ya goge fuskokinmu duka, ya ce za a fara sabon shafi, Hajiya ce za ta zama ta farko a gaban jama'a, mu biyo baya. Tasa kawai ya bari, sai ta magen, wadda ya yi ta dannawa ta ƙi goguwa. Ya ce ƙaramar matsala ce. Ya fito da kowa waje don tarba, har matarsa, wadda ta ce ta ɗora tukunya a wuta, ya ce minti nawa ne. Ƙofa ta rufe a bayanmu.

Yana tsaye yana duba kansa a gilashin shagona, sai ya shigo ya zauna.

"Kwashe gemun nan duka."

"Duka?"

"Ka taɓa ganin shugaban kamfanin fasaha da gemu kamar tsintsiya? Yi sauri."

Ni aski aka ce in yi, kuma na yi shi da kyau. Fuskarsa ta fito sumul kamar ta ɗan yaye, har matarsa ta wuce shi tana tambaya ina ya shiga.

Motar Hajiya ta tsaya. Ta fito da ƙawarta, wadda ta zo ganin abin mamaki. Nan-Gaba ya yi jawabi a kan makomar ɗan Adam, ya ce nan gaba gidaje za su riƙa gaishe da masu su, tukwane su sanar in sun nuna. Sannan ya gyara kwalar riga, ya taka gaban kyamara, ya buɗe hannuwa.

"Ban san ka ba."

Ya yi 'yar dariya. "Tana wasa ne. Akwai barkwanci a cikinta."

"Ban san ka ba. Sake gwadawa."

Ya matsa kusa. Ya ja baya. Ya yi murmushi, ya ɗaure fuska, ya juya hagu, ya juya dama. Ya rufe haɓarsa da tafin hannu. Ƙawar Hajiya ta tambaya ko wannan rawar tana cikin tsarin.

"Nas, zo ki gwada," in ji Hajiya.

"Ya goge ni, Hajiya. Da girata da komai."

"Makulli fa?"

Duk muka juya muka kalli kwata.

Nan-Gaba ya ruga shagona. "Ina gemuna?"

Na nuna masa kwandon shara. Na riga na share, ya haɗu da gashin duk wanda na aske tun safe, har da furfurar wani tsoho. Bai tsaya zaɓe ba. Ya damƙo, ya karɓi gam wajen mai gyaran takalmi na gefe, ya shafa a haɓa, ya manna. Ya dawo gaban ƙofa da gemu mai launi uku, wani ɓangaren yana lilo.

Na'urar ta ƙare masa kallo, kamar ita ma abin ya ba ta tsoro. Sai jar fitilar ta fara walƙiya, jiniya ta tashi, muryar ta koma ihu: "Baƙo! Baƙo! Baƙo!"

Kafin ka ce me, layin ya cika. Masu shaguna, masu babur, mata da ludayi a hannu, wani har da taɓarya yana tambaya ina ɓarawon. Direba, wanda ya daɗe yana jiran rana irin wannan, ya nuna Nan-Gaba da baki.

Sai matarsa ta shaƙi iska. "Tukunyata!"

Hayaƙi ne yake tasowa ta bayan katanga, baƙi, mai ƙaurin abin da ba zai sake ciwuwa ba.

"Nan gaba tukwane za su sanar in sun nuna," in ji Malam. "Ga shi tana sanarwa."

Matar ta juyo kan mijinta, ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ban tsoro. "Ka shiga ka ɗauko min magena daga hayaƙin nan. Yanzu."

Ya kama katanga. Direba ya ba shi kafaɗa, ya cilla shi da ƙarfin da ya wuce buƙata. Wandonsa ya kama ƙarfen sama, ya tsage tun daga ƙugu, jama'a suka yi "ayya" cikin jin daɗi. Muka ji faɗuwarsa a kan bokitan wanki, muka ji ƙarar tukunya, muka ji tari, sannan muka ji wata irin kokawa da kukan mage da na mutum, ba ka iya bambancewa.

Jiniya ta ɗauke. Muryar ta dawo da taushinta, har da wani ladabi da ba mu taɓa ji ba.

"Barka da zuwa, mai gida."

Ƙofa ta wangale. Ga Nan-Gaba tsaye cikin hayaƙi, wando a tsage, fuska duk yaƙushi, rabin gemun aro ya koma kunne, ya ɗaga Gimbiya sama da hannu biyu kamar wanda ya ci kofi.

Bai karaya ba, wallahi. Ya ce, "Hajiya, kin gani? Ta buɗe da kanta."

Hajiya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Wa ta kira mai gida?"

"Wato, a fasahance..."

"Shekara da shekaru ina gina gidan nan, bulo bayan bulo. Yau na zo ƙofata, na tsaya a rana, sai da mage ta ba ni izini." Ta juya wajen matarsa. "'Yata, magen ta waye ce?"

"Tawa ce, Hajiya."

"To ke za ki kula min da gida. Ki kwashe kayanki ki hau sama, ke da mai gida."

"Ni fa, Hajiya?" in ji Nan-Gaba.

"Kai ka ce min ba na buƙatar mai gadi, na sallami wanda na samo. Ka liƙe min abin da mai walda ya ce sai an cire ƙofar gaba ɗaya. Ga bencin tsohon nan yana nan. Duk wanda zai shiga ko zai fita, ka ɗaga masa magen. In matarka ta ga dama ta bar ka ka riƙa hawa sama kwana, wannan tsakaninku ne."

Matar ta karɓi Gimbiya ta duba ta ko ta ƙone, ta ce za ta yi tunani.

Haka Nan-Gaba ya dawo da teburin cajarsa bakin ƙofa, ya zauna a bencin mai gadi da mage a cinya. Ka zo, ka yi sallama, ya miƙe ya ɗaga ta, ƙofa ta gaishe ta, ka wuce. Hannuwansa duk suka zama zane-zane. Amma bakin bai mutu ba. Ya ce mana wannan sabon aiki ne da zamani ya haifar, sunansa mai haɗa mutum da na'ura, kuma bincike ya nuna shi ne aiki ɗaya tilo da ƙirƙirarriyar basira ba za ta taɓa ƙwacewa ba.

A nan kam ya yi gaskiya, ba ita ta ƙwace ba. Ran nan ya tafi sayo kaya, ya dawo ya tarar matarsa ta kira kafinta. An kafa wani ɗan katako a jikin ƙofa daidai tsayin kyamara, an ɗora tsohon matashi da kwanon kifi. Gimbiya tana kwance a kai. Mai shiga ya ƙwanƙwasa kwanon, ta ɗaga kai, ƙofa ta buɗe.

Ya daɗe a tsaye da kwalin caja a hannu yana kallon abin. Na leƙo daga shago na ce, "Yaya dai, Nan-Gaba? Wace irin fasaha ce wannan ta raba ka da aiki?"

Matarsa ce ta amsa daga baranda, tana shanya zani.

"Katako ne," in ji ta. "Da ƙusa biyu."